Kurakuran masu ɗurin bindigar toka, da yadda nake gyara su

Duk shekara da zarar an kai amfanin gona gida, hunturu ya fara kaɗawa, samari kan taru a ƙofar gidana a nan cikin birnin Kano da bindigoginsu na toka, wai in duba musu kafin a fita farauta. Tambayar ba ta sauyawa: "Baba, albarushi nawa zan ɗura barewa ta faɗi nan take?" Bakina ya gaji da faɗa wa mutum ɗaya ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kuskuren da ya fi yawa a 'yan shekarun nan shi ne kwaikwayon ma'aunin Amurka. Yaro zai kalli bidiyo a waya, ya ga maharbin can ya ɗura giren 100 na albarushi, wato kusan giram shida da rabi, wani ma har giren 150, sai ya ce shi ma haka zai yi. Abin da bai lura da shi ba, hancin waccan bindigar daga masana'anta ya fito, da ƙarfen da aka yi musamman don ɗaukar wannan matsi. Tamu kuwa maƙeri ne ya haɗa ta, sau da yawa da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota. Dabbar da suke harbi ma ta fi gada da barewarmu jiki nesa ba kusa ba. Ni abin da nake yi, idan bindiga sabuwa ce a hannuna, wurin maƙerin da ya ƙera ta nake fara zuwa in ji iyakar abin da take ɗauka, sannan in fara da ƙasa da haka. Ina kafa kwali a taku arba'in, in harba sau uku. Awon da ya tara harbin wuri ɗaya shi nake riƙewa, in yanka ɗan ƙaho daidai da shi, shi ke nan ma'aunin wannan bindigar har ta tsufa. Masu awo da tafin hannu su daina, tafin safe daban, na yamma daban.

Na biyu shi ne ya raba ni da yatsu biyu na hannun hagu, don haka ku yi haƙuri in na ɗaga murya. Ina saurayi muka kwana uku a daji, raɓa ta jiƙa mini albarushi. Wani abokin tafiya ya farke harsasan bindigar zamani, ya zazzage garin ciki ya miƙo mini, ya ce ai duk albarushi ne, wannan ma ya fi kyau tunda ba ya hayaƙi. Na auna da ƙahona kamar kullum, na ɗura. Da na taɓa kunama ban ji ƙara ba, haske kawai na gani. Bindigar ta tsage daga gindi kamar an fasa rake, sai farkawa na yi ana ɗaure mini hannu da rawani. Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai. Garin da ke cikin harsashin zamani matsin da yake haifarwa ya ninka na baƙin albarushi sau da yawa, kuma ba bindigar tokar da aka ƙera a maƙerarmu da za ta iya riƙe shi. Ko a Amurka an hana zuba shi a kusan duk bindigogin da ake ɗurawa ta baki. Kada launi ya ruɗe ku, shi ma yakan zo baƙi. Garin da ba ka san asalinsa ba kada ya shiga bindigarka, ko da wanka uwa ɗaya uba ɗaya ne ya ba ka. Na ga yaro bara yana cakuɗa biyun wai don ƙarin ƙarfi, na karɓe bindigar na kai wa mahaifinsa.

Sai maganar harsashi. Haba samari, ƙusa da gutsuren rodi da ƙwallon boris me ya kawo su cikin bindiga? Ƙarfe yana kankare cikin hanci, yana iya maƙalewa, in ya bugi dutse kuma ya dawo kan mutane. Dalma mai laushi ita ce harsashi, dunƙule guda, wadda za ta shiga da ɗan tsumma ba sai an buga da dutse ba, ba kuma ta gangara da kanta ba. Dogayen harsasan nan masu rigar roba da ake gani a bidiyo an yi su ne don hanci mai zane a ciki, wanda ke murɗa harsashi zagaye ɗaya a inci 28. Cikin tamu sumul yake, dogon harsashi zai fita yana tuntsura gudi-gudi. Ƙananan ƙwayoyi kuma na zabi ne da fakara. Ka watsa wa barewa su, za ta gudu da rauni ta je ta mutu inda ba ka gani, kuma malamanmu sun koya mana cewa abin da ya kwana a ɓace maka ba a cinsa. Ka azabtar da dabba, ka mayar da ita mushe. Shi ya sa ba na harbi in ta wuce taku hamsin, kuma bayan kafaɗa nake nufa.

Akwai wani kuskuren da ke fasa bindiga ko da awo daidai ne: barin sarari tsakanin albarushi da dalma. Bayan harbi biyu ko uku toka kan taru, dalma ta tsaya a hanya, mutum ya zaci ta kai. Ni sandar ɗurina tana da tsaga biyu da na yi da wuƙa, ɗaya tana nuna bindiga fanko ce, ɗaya tana nuna ɗuri ya zauna. Wannan tsagar ce kuma ke hana ɗuri a kan ɗuri, wanda yakan faru in an ajiye bindiga a ɗure tun bara aka manta.

Kada ka zuba albarushi kai tsaye daga gora zuwa bakin bindiga, tartsatsin da ya rage a ciki zai kama gorar duka a hannunka. Sai ta cikin ƙaho.

In ka taɓa kunama ba ta tashi ba, riƙe ta tana kallon inda ka nufa, ka ƙirga sittin. Masu leƙa baki su ga me ya faru, Allah ya shirye su.

Taba sigari kusa da mai ɗuri, ba sai na faɗa ba.

Tokar albarushi tana jan danshi tana cin ƙarfe, don haka ranar da ka harba ranar za ka wanke hancin da ruwan zafi, ka busar, ka shafa mai kaɗan. Kafin ɗuri na gaba a goge man, don yana kashe albarushi.

Bindigar toka tana cikin dokar bindigogi ta 1959, a je wurin 'yan sanda a nemi lasisi kafin a saɓa ta a kafaɗa. Dajin Falgore gandu ne, ba a farauta a ciki. Barewa kuma ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar nan, doka ma tana kare ta, don haka a tambayi ma'aikatan gandun daji abin da aka halatta kafin a fita. Ni kaina in na ga mace da ɗa a bayanta sauke bindiga nake yi, kuma yaran da ke bina sun san wanda ya harbe ta ba zai sake hawa motata ba.