Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin makin 'yan ƙwallon tebur da amfani da manhajar gasa

A ƙananan gasannin ƙwallon tebur, irin waɗanda ma'aikata da ɗalibai da dattawa suke bugawa da yamma don sha'awa a Jamus da Ingila da Amurka, gardamar ko ƙwallo ta taɓa gefen tebur takan mutu cikin minti ɗaya, amma gardamar lambar da manhaja ta rubuta a gaban sunan mutum takan kai ƙarshen kakar wasa tana ci. Wannan lamba, wadda zan kira makin ƙarfi, ita ce take nuna rukunin da mutum zai shiga da gurbin da zai tsaya a tawagar kulob ɗinsa. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan manhaja, alhali idan aka bi diddigi sai a tarar mutane ne suka shigar da bayani ba daidai ba, ko kuma kwamitin gasa bai rubuta ƙa'idarsa ba sai da rigima ta tashi.

Kuskure na farko shi ne kwatanta makin wani tsari da na wani, kamar dai 1500 na ko'ina ɗaya ne. Yawancin tsare-tsaren sun samo asali ne daga lissafin Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziks ɗan asalin Hungary da ya zauna a Amurka, wanda hukumar wasan dara na ches ta duniya ta karɓi tsarinsa a 1970. Sai dai kowace ƙasa ta gyara shi yadda ya dace da ita. A tsarin makin ƙwallon tebur na Jamus, wanda ake kira TTR, idan tazarar da ke tsakanin 'yan wasa biyu ta kai maki 150, lissafi yana ɗaukar cewa na sama zai yi nasara kusan sau 91 cikin 100, alhali a ches irin wannan tazara ba ta wuce sau 70 cikin 100 ba. A Faransa kuwa sabon shiga yana farawa ne da maki 500. Saboda haka idan baƙo ya zo da lambarsa daga wani wuri, abin da ya dace shi ne a ajiye ta a matsayin ishara kawai, a sa shi ya buga da mutum huɗu ko biyar da aka san ƙarfinsu, sannan a ba shi makin farawa bisa abin da aka gani da ido.

Daga nan sai ƙorafin da kowane sakataren gasa ya saba ji, wato mutum ya ci wasa uku a dare ɗaya amma makinsa bai motsa ba, ya faɗi sau ɗaya kuma aka kwashe masa da yawa. Ba zalunci ba ne, haka tsarin yake aiki, kuma laifin kwamiti ne idan bai bayyana wa mutane tun farko ba. Jadawalin hukumar ƙwallon tebur ta Amurka, USATT, ya fito da abin fili. Idan tazarar maki ba ta wuce 12 ba, wanda ya ci yana karɓar maki 8 daga hannun wanda ya faɗi. Idan tazarar tana tsakanin 138 da 162, na sama maki 2 kacal yake samu idan ya yi nasara, amma idan na ƙasa ya ba shi mamaki sai a cire masa 30. Da zarar tazarar ta kai 238, na sama ba ya samun komai ko da ya ci, faɗuwa kuma tana cin masa 50. A Jamus ma hakan take: mai 1650 da ya doke mai 1500 maki ɗaya zai ƙaru da shi, idan kuma ya faɗi zai rasa wajen 15. Hikimar ita ce nasarar da kowa ya riga ya zata ba ta ƙara wa lissafi wani sabon sani game da ɗan wasa. Maganin wannan ƙorafi mai sauƙi ne: a liƙa jadawalin musayar maki a bangon zauren wasa, a kuma yi wa sababbin shiga misali ɗaya ko biyu da alƙalami a ranar rajista.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna, a ganina, shi ne sakaci wajen ba sabon ɗan wasa makin farawa. Idan gwani ya shigo aka ba shi 1200 alhali ƙarfinsa na mai 1700 ne, duk wanda ya gamu da shi a makonnin farko zai yi asarar maki mai yawa a kan faɗuwar da ba abin mamaki ba ce, kuma waɗannan mutane za su je su buga da wasu da lambar da aka rage musu ba bisa haƙƙi ba, ɓarnar ta yi ta yaɗuwa har ta taɓa waɗanda ba su taɓa ganin gwanin ba. Yara masu tasowa ma haka suke yi wa lissafi ba da gangan ba, domin yaron da yake atisaye kullum yakan fi lambarsa ƙarfi cikin wata uku. Jamusawa sun magance wannan ta hanyar sauya saurin motsin maki. Ma'aunin canji, wato iyakar makin da wasa ɗaya zai iya ƙara wa mutum ko rage masa, na kowa 16 ne, amma ana ƙara 4 ga wanda bai kai shekara 21 ba, a sake ƙara 4 ga wanda bai kai 16 ba, haka kuma ana ƙara 4 ga wanda bai cika wasa 30 a lissafi ba, domin lambar irin waɗannan ta hanzarta kamo ainihin ƙarfinsu. Tsarin Ratings Central, wanda David Marcus ya tsara lissafinsa kuma ake amfani da shi sosai a Ostireliya, ya bi wata hanyar: kowane maki yana tafe da lamba ta biyu mai nuna yawan shakkar da ake da ita a kansa, ta yadda faɗuwa a hannun wanda ba a gama sanin ƙarfinsa ba ba ta yi wa mutum illa sosai. Ƙaramar gasar da manhajarta ba ta da irin wannan dabara tana iya yin abu mai sauƙi, wato ta ɗauki wasanni goma na farko na sabon shiga a matsayin gwaji, ta tsayar da makinsa bayan su, sannan ta lissafa wa abokan karawarsa nasu da sabuwar lambar. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta wannan ƙa'ida kafin a fara, kuma a yi wa kowa da ita.

A Ingila, inda aka saba da tawagar mutum uku-uku a gasannin gari, mutane da yawa sun fi duba kason nasara, wato wasa nawa mutum ya ci cikin ɗari. Wannan ma'auni yana da amfani a cikin rukuni ɗaya, amma yana yaudara idan aka fita daga cikinsa, domin mai kashi 90 a rukuni na huɗu yana iya kasa cin ko zagaye ɗaya na cikin wasa a hannun mai kashi 35 a rukuni na farko. Yana kuma saka wa mai wayo, wanda yake samun uzuri duk daren da za a kara da tawaga mafi ƙarfi. Idan za a ba da kyauta bisa kason nasara, wajibi ne a gindaya mafi ƙarancin wasannin da mutum zai buga kafin a sa shi a lissafi.

Akwai wata rigima da ake yawan zargin manhaja a kanta alhali ita ce take kan daidai, wato raba kunnen doki a cikin rukuni. Dokar hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, tana ba wanda ya ci maki 2 a teburin rukuni, wanda ya buga ya faɗi maki 1, wanda bai buga ba kuma ba shi da komai. Idan mutane suka yi kunnen doki, sakamakon da ke tsakaninsu kaɗai ake dubawa, a fara da wasanni, sannan zagaye, sannan ƙwallayen da aka ci, kuma raba na ci da na faɗuwa ake yi, ba ɗebewa ba. A ɗauka A ya doke B da 3 da 0, B ya doke C da 3 da 1, C kuma ya doke A da 3 da 2. A yana da zagaye 5 na ci da 3 na faɗuwa, C yana da 4 da 5, B yana da 3 da 4. Idan aka raba, C yana da 0.8, B yana da 0.75, don haka C ne na biyu duk da cewa B ya doke shi ido da ido. Ba abin mamaki ba ne B ya ji an cuce shi, kuma na ga ya fi kyau alƙalin gasa ya zauna da shi ya yi lissafin a takarda da ya ce masa haka kwamfuta ta fitar. Abin da ya kamata a bincika tun kafin gasa shi ne ko manhajar an saita ta a kan wannan doka, domin wasu suna ba da zaɓin ɗebe zagaye, kuma sakamakon yana iya bambanta.

Sannan akwai kurakuran hannu. Mutum ɗaya yakan samu rajista biyu saboda an rubuta sunansa iri biyu ko ya sauya kulob, sai tarihinsa ya rabu gida biyu. Kyaftin yakan juya sakamako, ya ba wanda ya faɗi nasara. Wani kuma yakan ajiye takardar sakamako a jakarsa har mako uku, alhali jerin da aka shigar da wasanni yana shafar lissafi, tunda makin kowane dare a kan na daren baya ake gina shi. Gyaran duk waɗannan bai wuce a ba kowane ɗan wasa lambar shaida ɗaya da ba ta canzawa ba, kyaftin biyu su sa hannu a takarda a ɗauki hotonta kafin a watse, tawagar gida ta shigar da sakamako cikin kwana biyu, baƙi kuma su tabbatar. Haka nan dole kwamiti ya yanke tun farko ko nasarar da aka samu saboda abokin karawa bai zo ba, ko ya janye saboda rauni, za ta shiga lissafin makin ƙarfi. Ni dai ra'ayina shi ne wasan da ba a buga ko ƙwallo ɗaya ba ya ƙidayu ga tawaga a teburin gasa, amma kada ya taɓa makin kowa.

Wani kuskuren kuma shi ne amfani da makin yau da kullum wajen jera 'yan wasa, alhali yana sauyawa kowane mako. Wannan yana buɗe ƙofa ga masu faɗuwa da gangan domin su sauka ƙasa da iyakar wani rukuni, kamar rukunan 'yan ƙasa da 1500 ko ƙasa da 1800 da aka saba shiryawa a gasannin Amurka, inda akwai kofi da 'yan kuɗi. Jamus tana daskarar da maki sau huɗu a shekara, a ranar 11 ga Fabrairu da Mayu da Agusta da Disamba, kuma wannan daskararren maki, Q-TTR, shi ake dubawa wajen rajistar tawaga. An kuma bar wa kulob ɗan sarari: a cikin tawaga ɗaya ana iya sa wani gaba da wanda ya fi shi idan tazarar ba ta wuce 35 ba, tsakanin tawagogin kulob ɗin kuma 50. Wannan sarari amincewa ce da cewa tazarar maki ashirin ko talatin ba ta isa hujjar cewa wane ya fi wane ba. Wanda ya daina buga wasa ma an tanadar masa hukunci, domin bayan wata 12 ba tare da wasa ba ana rage masa maki 40. Ko wace gasa tana iya aron wannan tsari, ta sanar da ranar daskarewa tun farkon kaka, ta kuma ba kwamiti ikon ɗaga wanda ƙarfinsa ya fito fili ya wuce rukuninsa, muddin an rubuta dalili kuma an ba shi damar ɗaukaka ƙara.

Batun sauya manhaja shi ne inda rai ya fi ɓaci, domin ya haɗa da kuɗi da sabo da kuma tarihin shekaru. A Ingila wasu gasannin gari suna kan manhajar TT Leagues ta hukumar ƙasa, wasu kuma suna kan manhajar Table Tennis 365, kowane ɓangare da hujjarsa. Babban kuskure shi ne a yi sauyin a tsakiyar kaka, ko mutum biyu su yanke shawara ba tare da babban taron shekara ba, ko a tashi daga tsohuwar manhaja kafin a sauke dukkan sakamakon baya. Kafin a amince da kowace manhaja ya kamata a tambayi masu ita, a rubuce, ko gasa tana iya fitar da bayananta a fayil ɗin da za a buɗe a wani wuri, da wanda ya mallaki bayanan idan yarjejeniya ta ƙare, da kuma yadda ake lissafa maki dalla-dalla. Tsarin da ba a iya bin lissafinsa da alƙalami da takarda zai jawo zargi ko da yana daidai. Idan za a koma sabon lissafi, hanyar da ta fi adalci ita ce a shigar da sakamakon kaka biyu ko uku da suka wuce a bar sabon tsarin ya fitar da nasa lambobin, maimakon a kwafo tsofaffin lambobi a liƙa masa, sannan a nuna wa mambobi jerin biyu gefe da gefe kafin a kaɗa ƙuri'a.

Kada kuma a bar kalmar sirrin shiga a hannun mutum ɗaya. Sakatarorin waɗannan gasanni 'yan sa-kai ne da suke ba da darensu kyauta, kuma suna iya yin rashin lafiya ko ƙaura ko fushi su ajiye aiki. Ya kamata aƙalla mutum biyu su kasance da ikon gudanarwa, a riƙa ajiye kwafin bayanai a ƙarshen kowane wata, kuma duk gyaran da aka yi wa makin wani da hannu a rubuta wanda ya yi shi da ranar da dalilin. Wanda yake buga wasa a rukunin da ake gardama a kansa kada ya gyara makin kansa ko na abokin hamayyarsa, sai ya miƙa wa wani ɗan kwamiti. Tun daga Mayun 2018 dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai ta ƙara wa kulob-kulob nauyi a kan abin da suke wallafawa, musamman ranar haihuwar yara da lambar wayar iyayensu, don haka shafin da kowa ke gani ya tsaya a kan suna da kulob da sakamako, sauran bayanan kuma su zauna a wurin sakatare da mataimakinsa.