Gadon kakanni na zamanin Turawa: wuraren da ake yawan tafka kuskure

Da wuya a yi damina biyu ba a ji wani dangi ya rikice a kan gonar da kakansu ya bari tun zamanin En'e ba. Wani ya ce an raba, wani ya ce ba a taɓa rabawa ba, wani kuma ya zaro tsohuwar takardar haraji daga ƙasan adaka ya ce ga hujja. Yawancin wannan rikici daga rashin sanin yadda ake rabon gado a Arewa tsakanin 1903 da 1960 yake tasowa. Ga wuraren da na fi ganin ana zamewa.

Na farko, zaton cewa Bature ne ke rabon gado, ko kuma da dokarsa ake yi. Bayan Kano da Sakkwato sun faɗi a 1903, Lugga ya bar kotunan alƙalai a wurinsu, ya tsara su mataki-mataki, Razdan da Di'o suna duba littattafansu. Gadon Musulmi kuwa da fiƙihun Malikiyya aka ci gaba da raba shi, da littattafan Risala da Mukhtasar, bisa ayoyin Suratun Nisa'i. Sai dai akwai abin da ake mantawa: idan alƙali ya raba gado, ana cire ushira, wato ɗaya bisa goma na dukiyar, ta shiga baitulmali. Saboda haka talakawa da yawa a gida suke gama rabonsu, a gaban liman da dattawan dangi da mai unguwa, ba alƙalami ba tawada. Rashin takarda ba ya nufin ba a raba ba. Wanda yake son gaskiya sai ya nemi tsofaffin maƙwabtan gona, ya bi layin gamba da itatuwan da aka kafa iyaka da su, ya tambayi shekarar da kowane ɗa ya fara zuba hatsi a rumbunsa daban.

Sai maganar takardar haraji, wadda ta raba zumunci ba adadi. A 1910 Turawa suka kafa dokar da ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna, aka sabunta ta a 1916. Ita ce ta haifi dokar filaye ta Arewa ta 1962, kuma dokar 1978 da ake aiki da ita yau a Nijeriya ta ɗebo tsarinta daga can. Amma manomin karkara bai taɓa ganin takardar shaidar mallaka ba. Da hannunsa da shaidar mutane yake riƙe da gonarsa, yana gadar da ita, yana ba da aronta, yana jinginar da ita. A ƙasar Kano malaman taki sun bi gonaki suna aunawa da taku don a yanka kuɗin ƙasa, suna rubuta sunan wanda zai biya. Wanda zai biya fa, ba lalle mai gonar ba. Sau da yawa sunan babban wa ne ke shiga, don shi ke riƙe da gandu bayan rasuwar uba, ƙannensa suna noma a ƙarƙashinsa. Wani lokaci ma sunan mai aro ne. To yau jikokin babban wan sai su ɗauki wannan takarda su ce gonar kakansu ce shi kaɗai. Abin da takardar ke shaidawa shi ne wane ne ya biya haraji a shekara kaza. A ajiye ta a wannan matsayi, sannan a tambayi ta wace hanya gonar ta shigo hannunsa.

Wannan tambaya ita ce ke warware wani kuskuren, na ɗaukar duk inda mamaci ya sa garma a matsayin abin gado. Akwai gonar gado, da ta saye, da ta kyauta, da wadda ya sare daji ya samu da izinin dagaci. Waɗannan ana raba su. Akwai ta aro, wadda ke komawa ga mai ita ko ta shekara talatin. Akwai ta jingina, wadda ke fita da zarar an biya kuɗin. Akwai gandun sarauta, wanda ke bin rawani: idan an naɗa wani dagaci, shi zai karɓa, ba 'ya'yan marigayi ba. Gayaunar da uba ya mallaka wa ɗansa tun yana raye, ɗan ya karɓa yana nomawa, ita ma ba ta komawa cikin rabo. Har itatuwa a kula da su, domin ɗorawa ko tsamiya ko dabino na iya zama na wani daban alhali ƙasar da suke kai ta wani ce.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na mata. Za ka ji dattijo ya ce, "Ai a da mace ba ta gadon gona," kamar yana karanto hukuncin shari'a. Shari'a ba ta taɓa faɗin haka ba. 'Ya ɗaya tilo rabi take samu, biyu zuwa sama sulusi biyu, idan suna tare da maza kuwa namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Matar mamaci tumuni take samu idan akwai ɗa ko 'ya, rubu'i idan babu. Ba a ware gona ko gida daga wannan lissafi ba. Abin da ya faru a Kano shi ne, a 1923 Sarki Usman ya hana mata gadon gida da gona, bisa hujjar cewa matan da suka samu gida nasu suna barin zaman aure. Hanin ya zauna shekara talatin da ɗaya, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi, yana duban tsofaffin matan da suka tagayyara ba su da wurin zama. Umarnin sarauta ne na wani lokaci a wata masarauta, kuma an janye shi tun kafin samun 'yancin kai. A wasu wurare ba umarni ba ne ma, al'ada ce kawai: a bar gona a hannun maza, a sallami mace da akuya ko 'yan kuɗi, da alƙawarin cewa duk ranar da aurenta ya mutu ɗakinta na nan. Wasu sun cika alƙawarin, kowace kaka dami na isa gidan ƙanwarsu. Wasu ko zangarniya.

Gyaran nan yana buƙatar haƙuri. A zauna a rubuta duk wanda yake raye ranar da kakan ya rasu, maza da mata, har jaririn da ya mutu bayansa da kwana biyu, domin shi ma ya ci gado kuma nasa ya wuce ga magadansa. Malaman fara'ili suna kiran wannan lissafi na mutuwa a kan mutuwa munasakha, kuma ba aikin da za a yi da ka ba ne a zaure. Sannan a bincika kowace gwaggo: an ba ta, ko ta yafe da bakinta a gaban shaidu, ko kunyar yayyenta ce ta sa ta yi shiru? Masu riƙe da gona sukan fake da hauzi, cewa daɗewar abu a hannu tana kashe da'awa. Gaskiya ne Malikiyya ta san hauzi, shekara goma tsakanin bare, arba'in tsakanin dangi, amma da sharuɗɗa: mai haƙƙi ya sani, yana nan, babu abin da ya hana shi magana. Kuma ba ya aiki a kan aro ko jingina. Alƙali ne zai auna wannan, ba wanda gonar ke hannunsa ba.

Kayan gida kuma kuskurensu ɗaya ne: haɗa na mata da na miji. Gadon kwana da tasoshi da kwalla da ƙoren da amarya ta zo da su, da awakin da ta saya da kuɗin kaɗi ko na ƙuli-ƙuli, nata ne, ba sa shiga gadon miji. Idan an yi gardama, ƙa'idar fiƙihu ita ce abin da aka san na mata ne a bar wa matar da rantsuwa. Sadakin da ba a gama biya ba bashi ne, kuma bashi ana fitar da shi bayan kuɗin jana'iza, kafin wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, kafin kowa ya taɓa komai. Rigunansa da dokinsa da takobinsa da hatsin rumbu akan yi musu kuɗi, a rubuta da fam da sule. Mai karanta irin wannan lissafi ya tuna sule ashirin ne fam ɗaya, kwabo goma sha biyu ne sule ɗaya, kada ya lissafa su kamar naira da kwabon da suka zo a 1973.

Har yau akan ji ana ce wa wani reshen dangi 'ya'yan baiwa don a rage musu rabo. Ɗan sa-ɗaka da ɗan matar aure rabonsu ɗaya ne a gadon ubansu, haka yake tun kafin Turawa. Dokar da Turawa suka yi a kan bauta a 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, ba bawa ba, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a 1936.

Mai neman rubutacciyar shaida yana iya gwada Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ya tafi da wanda ya iya Larabci, don da shi aka rubuta littattafan kotu na farkon zamanin, irin na majalisar Sarkin Kano Abbas. Kafin wannan tafiya, a fara da ɗakin tsohuwar da ta rage a gidan. A kai mata goro, a zauna a tabarma, a ɗauki maganarta a waya da izininta, a tambaye ta wa ya samu me ranar da aka raba kayan mahaifinta.