Ku Haɗa Littafin da Kundin Tsarin Mulki

'Yan'uwa masu karatun falsafar siyasa, kada ku karanta Montesquieu, masanin falsafar nan ɗan Faransa, shi kaɗai. Ku buɗe kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 a gefe. A littafinsa na 1748, The Spirit of the Laws (Ruhin Dokoki), Montesquieu ya nuna cewa idan ikon yin doka, zartarwa da shari'a suka taru a hannu ɗaya, 'yanci ya kau. To, ku duba sassa uku na farkon kundin: majalisa, shugaban ƙasa, kotuna. Amma fa ba a raba su ɗungurungum ba. Shugaba na iya ƙin sa hannu kan doka, alƙalan da ya zaɓa kuma sai majalisar dattawa ta amince. Nan ɗalibai ke rikicewa. James Madison, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara kundin, ya kare wannan cuɗanya a 1788, yana kafa hujja da Montesquieu ɗin kansa.