Kurakuran da muke yi wajen yarda cewa magani yana aiki

"Wane ya sha ya warke." Da wannan magana ake sayar da magunguna da yawa a Katsina, daga mai lasifika a bakin tasha har saƙon murya da ke yawo a WhatsApp na dangi. Sau da yawa ba ƙarya aka yi ba, wanen ya sha, kuma ya warke. Tambayar da ake mantawa ita ce: da bai sha ba fa? Mura kan tafi da kanta cikin mako guda ko kwana goma. Wanda ya sayi kafso a kemis a rana ta huɗu, ya miƙe a rana ta bakwai, kafso zai yaba wa, alhali gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna maganin kashe bakteriya ba ya warkar da mura.

Gyaran wannan kuskure shi ne kwatanci. A gwajin magani na gaskiya ana raba masu ciwo iri ɗaya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓin likita ba. A ba gida ɗaya sabon magani, ɗayan a ba shi wanda aka saba ko ƙwayar da babu magani a cikinta, sannan a ƙirga waɗanda suka warke da waɗanda suka rasu a kowane gida. A 2020, lokacin korona, jama'a sun yi rububin kulorokwin saboda labaran baka. Da aka gwada ɗan'uwansa, hydroxychloroquine, a kan dubban majinyata a asibitocin Birtaniya, bai rage mutuwa ba.

Masu karatun boko kuma nasu kuskuren daban ne. Da zarar an ce "bincike ya nuna", shi ke nan, magana ta ƙare. Wane bincike, a kan mutum nawa? Ƙaramin gwaji yana iya faɗawa kowane gefe bisa dace kawai, kuma wanda ya fito da labari mai daɗi ya fi saurin shiga jarida. Wani ma ɓoye shi ake yi: sai da masu bitar bincike suka shafe shekaru suna neman cikakkun bayanan gwajin maganin Tamiflu, da suka samu, a 2014, sai ga shi ƙasa da kwana ɗaya yake rage wa babba na jinyar mura mai tsanani.

Domin irin wannan aka kafa ƙungiyar Cochrane a Oxford a 1993, ƙarƙashin jagorancin Iain Chalmers. Sunan wani likita ɗan Sikotland ta ci, Archie Cochrane, wanda ya daɗe yana kukan cewa likitoci na ba da magunguna ba tare da an taɓa haɗa sakamakon gwaje-gwajensu wuri ɗaya ba. Aikinsu shi ne su rubuta tambaya tun farko, su nemo duk gwajin da aka yi a kanta a duniya, su auna ingancin kowanne, sannan su haɗa lissafi. Suna da ofishi a Kalaba.

Labarin da ke cikin tambarinsu ya isa ya sa mutum ya yi shiru. A 1972, a New Zealand, an nuna cewa allura mai arha da ake yi wa mai cikin da naƙuda ta zo mata kafin lokaci tana taimaka wa huhun bakwaini ya nuna. Aka ci gaba da ƙananan gwaje-gwaje, wannan ya ce e, wancan ya ce babu tabbas, likitoci da yawa suka ƙyale ta. Sai kusan 1990 aka haɗa su duka, aka ga ƙarara tana rage mutuwar jarirai. Amsar tana warwatse a cikin mujallu kusan shekara ashirin, jarirai suna mutuwa. Duk wadda ta taɓa zaman jinyar bakwaini ta san nauyin wannan.

Amma a nan ne kuskure na gaba yake, kuma shi ya fi damuna, wato ɗaukar sakamako a shimfiɗa shi a kan kowa. Wannan allurar, da aka kai ta ƙananan wuraren haihuwa a ƙasashe matalauta, inda ba a iya tantance watannin ciki daidai, wani babban gwaji da aka wallafa a 2015 ya ga mutuwar jarirai ta ɗan ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwada ta a asibitocin da ke da na'urar duba ciki da kulawar jarirai, a ƙasashe biyar har da Nijeriya, sai sakamakon 2020 ya nuna tana ceton rai. Haka maganin dexamethasone a korona: ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, amma bai amfani wanda ba ya buƙatar iskar oksijin ba. Balle mai saye a kemis tana sha don ta yi ƙiba, wannan kumburi take saya da hawan jini da ciwon suga. Idan an rubuta maka magani, babu raini a ka ce: "Likita, an gwada wannan a kan masu irin ciwona?"

Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya tana nufin an duba ba ya cutarwa, ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtuka goma sha biyun da ke jikin takardarsa. Wannan ba zagin gargajiya ba ne. Maganin malariyar da muke sha yau daga wani ganye dangin tazargade aka ciro shi a ƙasar Sin, gwaji ne ya fitar da shi kunya.

Akwai kuma masu cewa gwajin magani wasan Turawa ne da rayukanmu. Ba daga sama suka ɗauko tsoron ba. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara kusan 200, ya bar tabo. Maganin wannan shi ne a tsare ƙa'ida: izinin iyaye cikin harshen da suke ji, kwamitin sa ido, da rajistar gwaji kafin a fara. Idan aka daina gwajin gaba ɗaya, yaranmu ne za su yi asara. A wani gwaji da aka wallafa a 2010 an kwatanta allurar artesunate da kwinin a kan yara 5,425 masu malariya mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya. Mutuwa ta sauko daga kashi 10.9 cikin ɗari zuwa 8.5, shi ya sa artesunate ta zama zaɓin farko a asibitocinmu.

Maganin rigakafin malariya da ake bi gida gida ana raba wa yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar a damina shi ma daga nan ya fito. Bitar gwaje-gwajen Afirka ta Yamma ta nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, Katsina kuma tana cikin jihohin da aka fara da su a ƙasar nan. Sai dai an sami wannan adadi ne a kan yaran da suka shanye na kwana uku, wata bayan wata. Uwar da aka ba ɗanta na ranar farko a gabanta, ta ajiye sauran biyun "sai ya yi zazzaɓi", ta rage masa kariya, kuma ƙwayoyin ba na jinya ba ne. A ba shi na rana ta biyu da ta uku a kan lokaci. Idan jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a gwada jininsa a ranar.