Ku Daina Ɓata Mana Tsohon Daji

Duk wanda ya ɗan daɗe yana wasan kasada na tebur, irin su Dungeons & Dragons, inda kowa ke riƙe da jarumi ɗaya ana gina labari da baki, ana jefa dayis don a ga ko abin da jarumi ya gwada ya yiwu, ya san wannan gaɓar. Ayarin jarumai sun sha kashi a hannun dodanni, guzuri ya ƙare, mai sihiri ya ƙarar da duk abin da ya tanada, sai ga hayaƙi yana tashi daga wata 'yar bukka a tsakiyar ƙungurmin daji. Tsoho ne shi kaɗai, ba mata ba 'ya'ya, ya kuma tarbe su hannu bibbiyu. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da wasan ne a Amurka a 1974, amma wannan tsohon ya girmi wasan nesa ba kusa ba. Mu da muka tashi da tatsuniyar tsohuwar bakin rafi, wadda ke cewa yarinya ta cuɗa mata baya kafin ta nuna mata hanya, mun san shi tun muna goye.

Shi ya sa abin ke ba ni haushi. A 'yan teburan da muke da su nan Jos, daga ɗakunan ɗalibai na wajen Angwan Rogo zuwa falon masu hali a Rayfield, kusan duk sabon mai jan wasa, wato mai ba da labarin da ke magana a madadin sauran mutanen cikinsa, sai ya kawo wannan tsohon, kuma kusan kullum hanya ɗaya ake bi a ɓata shi.

Babban laifin shi ne mai da shi maci amana. Mai jan wasa ya zauna ya yi tunani, ya ga ai idan tsohon kirkin nan ya rikiɗe ya zama mugu da tsakar dare, 'yan wasa za su girgiza. Za su girgiza kuwa, sau ɗaya. Abin da zai biyo baya ne ba ya hangowa.

Na taɓa zama ɗan wasa a teburin wani matashi mai hazaƙa, labarinsa ya yi nisa, kowa ya saba da jaruminsa har muna kiran juna da sunayen cikin wasa a waya. Muka iso bukkar tsoho a jigace. Ya ba mu ruwa, ya ɗaure wa mayaƙinmu rauni, ya ce mu kwanta shi zai kula da wuta. Wata 'yar'uwa da ke riƙe da jarumar warkarwa har ta cire layar da ta gada daga uwarta a cikin labarin ta ba shi tukwici. Da asuba muka farka a ɗaure, ba makamai, ba dawakai, tsoho ya sayar da mu ga 'yan fashi. Babu wata alama da aka nuna mana tun farko, ko ɗaya. Yaron nan yana ta dariya yana buga tebur, wai ya kama mu.

To, ya kama mu ɗin. Daga ranar babu wanda muka sake yarda da shi a duniyar da ya gina. Mai sayar da fura a bakin hanya, sai mun sa ta fara sha. Yaro ya zo da gudu yana kuka an sace ƙanwarsa, sai mayaƙi ya ɗora masa takobi a wuya ya ce wa ya aiko ka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk zaman da aka yi bayan nan rabinsa tuhuma ce, labari ya daina tafiya, 'yar'uwar nan ta fara cewa tana da uzuri, daga nan sai sauran suka bi ta. Jarumin da na fi so a duk waɗanda na taɓa ginawa yana can har yau a ƙofar wani gari da ba mu taɓa shiga ba, don mun tsaya gardamar ko mai gadin ƙofa ɗan leƙen asiri ne.

Kuma dabarar ma ba sabuwa ba ce, balle a ce burgewa. Gygax da kansa ya sa irin wannan a wani tsohon littafin kasada mai suna The Keep on the Borderlands da ya fito a 1979: mahaukacin tsoho a kogon bishiya, ya zo maka da lallami, ka juya baya ya kai maka sara, ya kuma kira wata dabbarsa dangin damisa. Tsofaffin 'yan wasa sun gaji wannan tsoron, sun kuma koya wa na baya. Wato tun kafin ka buɗe baki, rabin teburinka sun riga sun zargi tsohon. Abin da zai ba su mamaki na gaske shi ne a wayi gari su ga kayansu cif, ga kunu a kan wuta.

Ni dokata ke nan, ban ce kowa ya bi ba: wanda ya fara ciyar da ayari a cikin labarina ba ya cin amanarsu, har abada. In ina son mayaudari, a fada nake ajiye shi ko a kasuwa, kuma sai na watsa alamu yadda idan asiri ya tonu za su dafe kai su ce ai mun gani, mu ne ba mu lura ba. In kuma ina son haɗari a bukkar tsoho, ayarin ne ke jawo shi. Waɗanda ke bin sawunsu su iso da dare, su kewaye gidan mutumin da ya shekara talatin ba wanda ya san da zamansa. Nan za ka ga 'yan wasa sun miƙe tsaye da gaske, domin yanzu bashi ne a kansu.

Laifi na biyu ya fi yawa, ko da yake bai kai na farko zafi ba. Mai jan wasa ya cika littafin rubutu guda da tarihin duniyarsa, sarakuna da yaƙe-yaƙe da asalin dodon da ke kan dutse, bai sami inda zai sauke ba, sai ya ɗora wa tsoho. Ana zama sai Baba ya fara zuba kamar mai tallar magani a tashar Bauchi Road, ba waƙafi ba aya. Ka duba teburin a lokacin: ɗaya ya shiga WhatsApp, ɗaya yana jera dayis a kan juna, ɗaya ya ce bari ya je ya karɓo tsire. Ka gama, ka tambaye su sunan dodon, ba wanda ya riƙe.

Mutumin da ya daɗe shi kaɗai ba lacca yake marmari ba, labarin gari yake so. Shi ya kamata ya riƙa tambaya. Kafin zama, abu uku kawai nake rubutawa a bayan takarda: abin da yake so, abin da ya sani, da abin da ba zai faɗa ba sai an matsa ko an kyautata masa. Sannan ina ba hannunsa aikin yi. Ga yadda na ja wani kwanan baya. Tsohon yana tsugune yana tona dankali daga cikin toka, bai ko ɗago kai ba:

"Lale, lale. Ku shigo daga ciki, sanyin nan ba ya wasa. Kai mai doguwar takobi, sunkuya, ƙofar ba taka ba ce."

"Baba, muna neman hanyar Dutsen Dodo ne."

"Za a zo nan. Ungo, da zafi. Wai har yanzu Sarki Mai Farin Doki ne a gari?"

"Ai Baba, ya rasu tun kafin a haife mu. Jikansa ne yanzu."

Sai na yi shiru, na bar tsohon ya riƙe dankalin a hannu bai ci ba. Teburin ya yi tsit. Can sai wata 'yar wasa ta ce a hankali, "Baba, ka san shi ne?" Daga wannan tambayar duk tarihin da nake so su ji ya fito, guntu-guntu, kuma su suka roƙa. Ga wata riba kuma: tunda iliminsa tsoho ne, yana iya yin kuskure da zuciya ɗaya. Ya ce akwai gada a kan kogi, su je su tarar ruwa ya cinye ta tuntuni. Sun sha wuya, amma ba wanda ya yaudare su.

Ƙanin wannan laifin shi ne mai da tsohon gagarabadau. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, mataki na 20 ne ƙololuwa. In ka nuna cewa Baba ɓoyayyen mai sihiri ne na wannan matakin, ka jira tambayar da ba ka da amsarta: to me ya hana shi zuwa ya kashe dodon da kansa? Ka ba shi ciwon gwiwa da akuya mai taurin kai, ya wadatar. Ba sai ya raba takubban tsafi ba. Dogon hutu na awa 8 a wurin da ba abin tsoro yana mayar wa jarumi duk makin lafiyarsa, kuma ga wanda ya iso da maki biyu ko uku, babu kyautar da ta kai wannan.

Yanzu ku 'yan wasa, kada ku ɗauka kun tsira. Wace irin tarbiyya ce mutum ya iso gidan dattijo, ko sannu bai ce ba, ya ɗauki dayis ya wurga yana cewa zai gwada ko ƙarya tsohon yake yi? Ƙaryar me, bai ce komai ba tukuna! A gidanku haka kuke shiga? Da farko ma, ba kai ke kiran jifa ba. Kai faɗi abin da jaruminka yake yi, mai jan wasa ne zai ce a jefa ko kada a jefa. Na biyu, masu ihun "ashirin, ashirin, dole ya faɗa min komai", ku koma ku karanta. Dayis mai fuska 20 yana faɗawa kan 20 sau ɗaya cikin ashirin, kashi 5 cikin 100 ke nan, kuma a dokokin 2014 wurin kai hari ne 20 ke tabbatar da nasara. Wurin lallashi ko gane zuciyar mutum lamba ce kawai mai kyau. Ba ta buɗe bakin wanda ya yi rantsuwa zai yi shiru.

Masu jan wasa ma suna da nasu a nan. Littafin jagorar wasan ya kasa mutanen cikin labari gida uku: mai son ku, wanda bai damu da ku ba, da mai ƙin ku. Mai son ku yana yin abin da ba zai cutar da shi ba ba tare da wata wahala ba. Don haka kada ka sa yara su jefa dayis a kan ƙwaryar kunu. Ajiye jifan sai sun roƙe shi abin da zai sa ransa a haɗari, misali ya raka su cikin dare.

Sai kuma ɗan wasan da jaruminsa ɓarawo ne. Kowane tebur yana da shi. An ba ku masauki, kowa ya kwanta, sai ya miƙo 'yar takarda wai yana laluben kayan tsoho. Ka yi magana ya ce ai halin jaruminsa ke nan. Wa ya rubuta jarumin, ba kai ba? Ni ba na saukar da aradu, ba na kuma hana shi. Wani ya taɓa sace 'yar tukunyar zuma a bukkar tsohona. Da safe ana sallama, sai na sa tsohon ya bi shi har bakin hanya, ya miƙa masa wani abu a gaban kowa: "Ɗana, ka manta murfin. Ƙudaje za su dame ka." Sauran suka juyo suka zuba masa ido. Da ƙafarsa ya koma ya ajiye tukunyar, ya kuma tsaya ya faskara wa tsohon itace ba wanda ya sa shi.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Kada ka shaƙe murya kana karkarwa don a san tsoho ne, minti goma maƙogwaronka zai gaza, rage saurin magana kawai. Kada ka kwaikwayi harshen wata ƙabila ko shigar wani malamin addini don a yi dariya, a garin nan musamman, kowa ya san dalili. Ka tanadi suna tun daga gida, in ba haka ba za ka daburce ka ba shi sunan maƙwabcinku. Ka san abin da ya kai shi daji ko da ba za a tambaya ba, domin za a tambaya. In akwai wanda ya zaɓi tarihin mai zaman kaɗaici ga jaruminsa, littafin 'yan wasa na 2014 ya ba shi wani sirri da ya gano a kaɗaicinsa, to ga damar da zai yi zancensa da wanda zai fahimta, kada ka bari ta wuce.

Dajin ma ku daina aro shi. Mutum bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, amma ya dage sai ya siffanta ta, siffar kuma ta fito ba gishiri. Ka hau duwatsun Shere da sassafe a watan Disamba ka ga yadda hazo ke kwanciya a tsakanin duwatsu, ko ka tsaya bakin ɗaya daga tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, shiru, kore, ba ka ganin ƙasansa. Sa bukkar a irin wannan wurin, da tsamiya a gefe da 'yar gonar acca a baya, 'yan teburinka za su ji sanyin a jikinsu don sun san shi.

Kuma ku dawo da tsohon. Ana barin bukka sai a manta da tsohon, alhali in bayan wata biyu na wasa saƙo ya iso cewa ba shi da lafiya, ko akuyarsa ta ɓullo ita kaɗai a sansaninsu da igiya a tsinke, ba sai ka roƙi kowa ya bi labari ba.

Lokacin da za ka sa gaɓar ma abin dubawa ne. Ni a farkon zama nake sa ta, ko daidai lokacin da aka kawo shayi, sa'ad da kowa ke da natsuwar hira. In ka bar ta sai ƙarshen dare, mutane sun fara duba agogo suna tunanin inda za su sami Keke Napep zuwa Farin Gada, ba wanda zai tambayi Baba ko ya san marigayi sarki. Hanyar dutse kawai za su tambaya su tashi.