Darasi na Tara: Maganin Damuwa ta Hanyar Gyara Tunani

Ba kowane ciwo ne maganinsa ƙwaya ko allura ba. Ciwon damuwa, yawan fargaba da rashin barci, akan yi maganinsu ta hanyar zama da ƙwararre a yi magana. Ɗaya daga cikin irin waɗannan hanyoyi likitoci suna kiranta CBT, wato gyara tunani da hali. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, shi ya ɓullo da ita a shekarun 1960. Ya lura cewa marasa lafiyarsa, tunani yakan faɗo musu ba shiri, su kuwa su gaskata shi ba bincike.

A ce wata mata ta gai da maƙwabciyarta a bakin famfo, ba ta amsa ba. Nan take zuciyarta ta ce, "Ta tsane ni. Duk unguwar nan ba mai ƙaunata." Ranta ya ɓaci, ta shige ɗaki, ta daina zuwa biki da suna. Da aka daina ganinta, masu leƙo ta suka ragu. Sai ta ce, "Ai dama na faɗa." Kun ga tunani ya haifi ɓacin rai, ɓacin rai ya sauya hali, halin kuma ya ƙara wa tunanin ƙarfi.

Ma'aikaciyar lafiya ba za ta tsaya ga "ki yi haƙuri" ba. Tambaya za ta yi: "Mece ce shaidarki? Kin tabbata ta ji ki? Ko ɗanta ne ba lafiya?" Sannan ta ba ta aikin gida: gobe ta shiga gida ɗaya ta yi gaisuwa, ta dawo da labarin abin da ya faru. Yawanci ana zama sau ɗaya a mako, na 'yan watanni. Wanda bai yin aikin gida, amfanin da zai samu kaɗan ne.

Ba sai likita kaɗai ba. A Pakistan an koya wa mata ma'aikatan lafiya na ƙauye wannan hanya, suka taimaki masu ciki da masu jego, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinta a 2015.

Idan likita ya rubuta maka magani, kada ka daina sha. Wanda yake tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Barnawa, Kware da Maiduguri.

Aikin gida: Ka raba shafi gida uku. Ka rubuta abin da ya faru, abin da zuciyarka ta ce, da wata fassara dabam da za ta yiwu.