Yadda Za Ka Sami Dattijon da Ya San Kakanka a Katsina

Masu ta tambayata, ga yadda ake yi:

1. Fara da gwaggo ko kaka. Mata sun fi riƙe dangi.
2. Rubuta sunan marigayin da laƙabinsa da sana'arsa. "Malam Audu" kaɗai ba zai kai ka ko'ina a unguwar Masanawa ba.
3. Je wurin mai unguwa ya haɗa ka da tsaran marigayin.
4. Tafi bayan la'asar, da ɗan goro.
5. Gaisa sosai tukuna.

Hattara: kar ka ambaci gado ko gona, nan take Baba zai ja bakinsa.

6. Tambayi zamanin wane sarki, ba shekara ba. Dikko ya rasu 1944, Nagogo 1981.
7. Nemi izini kafin ɗaukar murya.
8. Tambaye shi wa kuma ya san marigayin.